Yarona ya fara rarrafe, kuma akwai rijiya a tsakar gidanmu

Uwar ɗan fari, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da ma'aikatan lafiya da duk wanda ya san aikin gyaran gida. Ina zaune da maigidana a gidan iyayensa a cikin birnin Kano, gidan yawa ne mai sassa huɗu da tsakar gida ɗaya, kuma yarona, wanda shi ne na fari, ya cika wata goma a makon jiya. Tun da ya fara rarrafe ba ya yarda da zaman ɗaki, da zarar an ɗaga labule sai ya nufi waje, yanzu kuma ya soma dafa abubuwa yana miƙewa tsaye.

Ga yadda tsakar gidan take. A kusurwar gabas akwai rijiya wadda bakinta bai kai gwiwar babba ba, murfinta kuwa wani tsohon kwanon rufi ne da ake ɗora wa dutse, kuma da safe, lokacin da kowa ke jan ruwa, a buɗe take wuni har azahar. Murhu uku ne a fili, biyu na itace ɗaya na gawayi, duk a ƙasa. Akwai awaki biyu a turke da kaji da ke yawo ko'ina, ƙannen maigidana suna shigo da babura biyu da yamma, janareto kuma yana ƙarƙashin tagar wani sashe tare da jarkar mai.

Abin da ya sa na kasa yin shiru ya faru ne ranar Talata. Ina wanki sai sabulu ya ƙare, na shiga ɗaki in ɗauko wani, na bar shi zaune a kan tabarma, a lokacin kuwa mata uku ne a tsakar gidan, ɗaya tana tankaɗe, biyu suna tsintar shinkafa. Ban fi minti biyu ba. Da na fito sai na tarar ya rarrafa har wurin bokitin ɗauraya, ya dafa bakinsa ya miƙe, ya sunkuya yana miƙa hannu ga kumfa, ƙafarsa ɗaya ta riga ta bar ƙasa, gashin gaban kansa ya jiƙe. Babu wadda ta gan shi, kuma da na yi magana kowace ta ce ta ɗauka ɗayar ce ke kallonsa. Har dare hannuna bai daina rawa ba.

Matsalata biyu ce. Ta farko, kuɗinmu kaɗan ne, ba za mu iya gyara komai a lokaci ɗaya ba, don haka ina so in san abin da ya fi gaggawa. Ta biyu ita ce ta fi yi mini nauyi: ɗan fari ne, kuma a gidan surukai nake, inda nuna damuwa a kansa a gaban manya ake ɗauka rashin kunya ne. Da na ɗan taɓo maganar rijiyar, Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce 'ya'ya tara ta raina a wannan tsakar gida babu wanda ya faɗa, kuma yaro bai san wuta ba sai ya taka. Mutuniyar kirki ce, tana son jikan nan ƙwarai, kuma ba na son in zama amaryar da ta zo tana koya wa gida yadda ake raino. Ta ina zan fara, kuma da wane harshe zan yi maganar?

Ma'aikaciyar jinya, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara tsarewa. Na daɗe ina aiki a ɗakin yara, saboda haka zan gaya miki abin da na sani ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ruwa za ki fara da shi, kuma bokitin nan da kika ambata bai gaza rijiyar haɗari ba. Yaron da bai kai shekara biyu ba kansa ya fi sauran jikinsa nauyi idan aka kwatanta da na babba, don haka idan ya sunkuya cikin bokiti kan ne ke rinjayarsa, ya tafi a kife, hannuwansa kuma ba su da ƙarfin da zai turo kansa waje. Ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya rufe masa hanci da baki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yaron da ke nutsewa ba ya kuka kuma ba ya fantsama ruwa, shiru kawai za a ji, sannan cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa saboda rashin iska. Shi ya sa matan nan uku ba su ji komai ba, kuma da abin ya wuce haka ma ba lalle su ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne suka fi kowane rukuni mutuwa ta hanyar nutsewa, kuma galibi a cikin gida ko kusa da shi abin ke faruwa.

Wannan gyaran ba ya cin ko kwabo. Duk bokiti da baho da daro a zubar da ruwansa a kife shi da zarar an gama aiki, wanda kuma dole ya kwana da ruwa a rufe shi da murfi mai kamawa ko a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a manta da ruwan wankan jariri da ake bari a yi wani abu da shi, da kwanon shan ruwan awaki, da ramin kwata bayan an yi ruwan sama. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka tsamo yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen kife shi ana matsa cikinsa don ruwa ya fito kamar yadda aka saba. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a hura masa iska a hankali ta baki da hanci har a ga ƙirjinsa ya ɗaga, a riƙa danna tsakiyar ƙirjin, wani kuma ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo yana wasa, a kai shi asibiti, domin huhu kan nuna damuwarsa bayan sa'o'i. Ina ba ki shawara ki roƙi ma'aikaciyar asibitin da kike kai shi rigakafi ta nuna miki wannan da hannu, don karatu kaɗai ba ya koyar da shi.

Bayan ruwa sai wuta. Yawancin ƙunar da nake gani a jikin yara masu rarrafe ba ta harshen wuta ba ce, ta abu mai zafi ce da aka sauke aka ajiye a ƙasa: tukunyar talge, ruwan zafin wanka, koko a kwano, man suyar ƙosai, sai kuma toka wadda samanta ya yi fari amma ƙarƙashinta garwashi ne. Fatar yaro ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, zafin da zai sa ke ki janye hannu kawai shi zai saɓule masa fata. Idan ya faru, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a cire rigar idan ba ta manne ba, a lulluɓe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko gishiri, kuma kada a sa ƙanƙara.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin da hannunmu muke jawo shi: kananzir da fetur da fiya-fiya da ake zubawa a robar lemo ko ta ruwa a ajiye a gindin murhu. Yaro ya saba ganin ana shan abin da ke cikin irin wannan robar, to me zai hana shi kafa kai? Kananzir ba a ciki yake yin mummunar ɓarnarsa ba, a huhu yake yi, saboda haka sa yaro amai, ko ɗura masa manja ko madara, shi ne ke tura man cikin huhun. Haka sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, wadda idan an jiƙa ta ba a bambanta ta da ruwa. Tana ƙone hanyar abinci tun daga maƙogwaro, amai kuma ƙuna ta biyu ce. Fiya-fiya da maganin ƙwarin nan Sniper guba ɗaya ce a cikinsu, kuma tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta sanar da taƙaita sayar da ita a kasuwanni, amma har yau tana cikin gidaje. Alamarta a jikin yaro ita ce dalala mai yawa, da gumi, da amai, da wahalar numfashi. Duk wanda yaro ya sha a cikin waɗannan, a ɗauke shi tare da robar a tafi asibiti nan take. Ki nemi akwati ɗaya mai kwaɗo, ko kanta mai tsawo, gidan duka ya riƙa ajiye irin waɗannan a ciki tare da maganin ɓera da magungunan tsofaffi.

Janareton nan kuma a ɗauke shi daga ƙarƙashin taga. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma mai barci ba ya farkawa ya gudu.

Magini, Katsina

Salamu alaikum. Malama ma'aikaciyar jinya ta faɗi gaskiya a kan kananzir, kuma ni shaida ne. 'Yata ta uku tana da shekara ɗaya da rabi ta sha daga wata robar da muka ajiye a bayan ƙyaure, muka ɗura mata manja don ta amayar kamar yadda muka taso muka ga ana yi, kafin la'asar numfashinta ya koma sama-sama, sai da ta kwana shida a asibiti da robar iska a hanci. Allah ya tashi kafaɗunta, amma likitan ya gaya mini a fili cewa aman ne ya kai ta ga haka. Tun daga ranar nake duba gidajen da nake aiki da wani ido daban.

Game da rijiya, 'yar'uwa, aikin bai kai yadda kike tsoro ba. A ɗaga bakinta da bulo layi huɗu ko biyar, wato kimanin mita ɗaya, a yi mata filasta sumul ta waje don kada a bar wurin da ƙaramar ƙafa za ta taka. Sannan a zuba mata murfin kankare da rodi a ciki, a bar ƙofa daidai shigar guga, mai walda ya yi mata marfin ƙarfe da fata biyu da wurin sa kwaɗo ko sakata mai tauri. Kwanon rufi da dutse ba murfi ba ne, domin tsatsa na cin sa ta ƙasa inda ido ba ya gani, yaro ɗan shekara uku kuma yana iya ture dutsen. Idan kuɗin bulo bai samu yanzu ba, a fara da marfin ƙarfen a kafe shi da siminti a bakin da ke akwai, daga baya a ɗaga ginin. Bayan an gama kada a bar turmi ko kujera ko jarka a jikin rijiyar, don wanda ke rarrafe yau shi ne zai yi hawa baɗi. A duba murfin shadda da na sokawe su ma, musamman idan tsohon gida ne. Wanda ya tsage ko ya lotsa a tsakiya rodinsa ya riga ya ruɓe.

Abu na biyu da zan so ki kashe wa kuɗi shi ne ɗan gajeren ƙyaure a ƙofar sashenku, wanda ya kai ƙugun babba, don ki iya aiki kina ganinsa shi kuma bai fita ba. Ki gaya wa kafinta ko mai walda ya jera sandunan a tsaye, kada ya gicciya su, domin na gicciye tsani ne. Tsakanin sanda da sanda kada ya kai faɗin yatsu huɗu na babba, saboda inda jikin yaro ya wuce ba lalle kansa ya wuce ba, nan ne ake samun maƙalewa. Sakatar ta kasance ta waje kuma a sama. Murhu kuwa ko da ginin ƙasa a yi masa ɗan zagaye mai tsawon gwiwa da mashiga ɗaya, yini ɗaya ya isa.

Mutane kan ce a shafe tsakar gida duka da siminti a huta. Yana sauƙaƙa shara da wanki, ban musa ba, amma a watan Afrilu da rana tsaka simintin da ba shi da inuwa yana iya tayar wa jariri bororo a gwiwa da tafin ƙafa, da damina kuma inda ruwa ke kwanciya gansakuka na fitowa ya yi santsi. Idan za a yi, a ba shi gangare zuwa rariya, kada a goge shi ya yi sheƙi, a kuma kafa rumfa a inda yaron ke zama. Baburan nan su tsaya a zaure ko a soro: salansar da aka kashe yanzu tana ƙuna kamar dutsen guga, babur da ke kan jaki ɗaya kuma yaro na iya jawo shi kansa. Haka duk wani abu mai nauyi da aka jingine a bango, tsohon ƙyaure ne, ko tabarya, ko bulo da aka jera ana jiran aiki, a kwantar da shi ƙasa.

Malamin makaranta, Gusau

Ina so in ƙara abu ɗaya da ba a gani da ido, wato ƙasar tsakar gidan kanta, domin mu a Zamfara mun ga abin da take iya yi. A shekarar 2010 aka gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega, suna suma suna jijjiga, iyaye suna zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko iska. Da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masu bincike suka duba, sai aka gane gubar dalma ce. Maza suna kawo duwatsun zinariya gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi, ƙurar kuma ta bi ƙasa ta zauna. Yara fiye da 400 suka rasu, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara biyar, domin su ne ke rarrafe a ƙasar suna kai hannu baki. Maganin da aka yi wa gidajen shi ne kankare ƙasar sama gaba ɗaya a kwashe, a zubo sabuwa. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Na san a cikin birnin Kano ba a niƙa dutsen zinariya, amma dalma tana da wasu hanyoyin shiga gida. Idan akwai mai fasa tsofaffin batiran mota ko na sola, ko mai narka dalma, kada ya yi aikin a gida, kuma kayan aikinsa da takalmansa kada su shigo inda yara ke wasa. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga wata alama ba, sai ya girma a ga karatu na ba shi wuya.

Awaki da kaji kuma batunsu na kashi ne. Yaro mai wata goma duk abin da ya tsinta baki yake kai shi, kashin akuya kuwa ƙanana ne masu kama da abin ci. Daga nan gudawa ke samun hanya, gudawa mai maimaituwa kuma ita ke hana yaro ƙiba da tsawo. A mayar da turken bayan gida ko a yi masa shinge, kaji su samu akurki, a share tsakar gida kafin a sauke yaro, a shimfiɗa masa babbar tabarma, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci wani abu. Mai sharar ta riƙa lura da ƙananan abubuwa, irin su gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, maɓalli, murfin roba, da ɗan batirin nan mai kama da kwabo na agogo da kayan wasa, wanda idan ya maƙale a maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan yake fara ƙone naman wurin.

Kaka, Damagaram

'Yata, na sa jikata ta rubuta mini wannan, domin tambayarki ta biyu ba a amsa ta ba, kuma ni uwar miji ce, ina da surukai huɗu a gabana. Kada ki tunkari Hajiya da maganar cewa gidanta na da haɗari, domin abin da kunnenta zai ji shi ne kina cewa ba ta iya raino ba. Gaskiya ta faɗa da ta ce ta raini tara, sai dai ki tuna a wancan lokaci yaro a bayan uwarsa yake wuni, kuma babu babur babu janareto babu robar fiya-fiya a gidan. Maganar rijiya ba taki ba ce, ta ɗanta ce. Ki gaya wa maigidanki abin da ya faru ranar Talata dalla-dalla, shi kuma ya je wa mahaifinsa da 'yan'uwansa da ita a matsayin gyaran gida saboda jikoki duka, har da waɗanda ba a haifa ba, ya kuma ce shi zai fara ajiye nasa kason. Ruwan ma zai fi tsabta idan an rufe, wannan hujja ce da babu tsohuwar da za ta ƙi.

Ita Hajiya kuwa ki je mata da neman taimako. Ki ce, Hajiya, mijin nan naki ya fi ƙarfina, zan ɗora tukunya, ga shi nan a hannunki. Ki miƙa mata shi hannu da hannu, kada ki ajiye shi a tabarma ki ce a duba miki. Muna cewa ɗa na kowa ne, kuma haka ne, amma a gidan yawa wannan maganar ce ke sa kowa ya saki jiki, kamar yadda kika gani da idonki. A gidana na kafa doka cewa duk wadda za ta tashi sai ta kira sunan wadda ta bar wa yaro, ita kuma ta amsa. Kuma ba a barin jariri a hannun yarinya 'yar shekara shida a ce an bar shi da mai kula, don ita ma wasa ne a ranta.

Idan aka ce miki abin da Allah ya ƙaddara babu makawa, ki amsa da ladabi cewa haka ne, sannan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Shi ne kuma ya yi umarni a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila idan za a kwanta, a kuma tsare yara idan duhun magariba ya shigo. Rufe rijiya da kife bokiti ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Ɗan ƙyauren da magini ya faɗa yana da kyau a lokacin girki da wanki, amma ban so a mayar da yaro ɗan kurkuku. Yaro sai ya taka ƙasa, ya faɗi ya tashi, ya bi 'yan'uwansa, sannan ƙafarsa ke yin ƙwari. Lokacin da wuta ke ci ki goya shi ko ki ba da shi, lokacin da aka kashe wuta aka share gida ki sake shi kina zaune kusa. Mu a nan abin da muke tsoro da zafi shi ne kunama, can wajen Agadas ma har kisa take yi a yara ƙanana, don haka ba ma tara itace da tarkace kusa da inda suke wasa, kuma muna kakkaɓe tabarma da takalmi kafin a yi amfani da su. Idan ta harbi ƙaramin yaro ba a tsayawa tsaga ko ɗauri, asibiti ake nufa. Ki kuma zaga gidan ki duba abin da ya tsiro a gindin katanga: zaƙami, wanda ake kira haukata yaro, da zurma, da bini da zugu, duk 'ya'yansu guba ne, ruwan tumfafiya kuma yana cutar da ido. A tumɓuke su tun suna ƙanana.

Uwar ɗan fari, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in dawo da labarin abin da aka yi. Na bi shawararki, Kaka, na gaya wa maigidana komai, shi kuma ya yi magana da mahaifinsa, Alhaji, bayan sallar Juma'a. Ashe Alhaji ya daɗe yana son a rufe rijiyar saboda wata akuya da ta taɓa faɗawa, sai aka kwashe ruwan duka. 'Yan'uwa uku suka haɗa kuɗi, mai walda ya kafa marfin ƙarfe da sakata ranar Litinin, bulo kuma sai ƙarshen wata idan an yi albashi. Kananzir da maganin sauro na gidan duka yanzu suna cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe ta Hajiya, ita ce ta ba da ita da kanta bayan na karanta mata labarin 'yar magini, makullin kuma yana ɗaure a bakin zaninta. Kullum da hantsi nakan miƙa mata yaron kafin in hura wuta, har ta fara aiko a karɓo shi idan na makara.

Abin da bai samu ba tukuna shi ne bokiti. Ni ina kife nawa, amma sauran sassan sukan manta, jiya ma na tarar da baho cike a bakin rariya babu kowa a wurin, na zubar na kife ban ce komai ba. Baburan sun koma zaure, janareto kuwa mai shi ya ce wayarsa ba za ta kai can bayan gida ba, saboda haka maigidana yana neman ƙarin waya mai kauri. Malam magini, ina da tambaya a kan ɗan ƙyauren: ƙofar sashenmu ginin ƙasa ce, kafintan da ya zo ya ce ƙusa ba za ta kama ba sai an kafa gungume a kowane gefe an zuba masa siminti a gindi. Haka ake yi, ko akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi?